Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Yankin Savannah: nisan da ke tsakanin Salaga da Damongo

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka, da shugabannin gundumomi bakwai, da iyayenmu sarakuna da kuke zama tare a majalisar daidaita ayyukan yanki a Damongo, ina neman izinin yin magana. Ni ɗan zangon Salaga ne, a nan aka yanke cibiyata, a nan kuma kakannina suke kwance. Na zaɓi in rubuta da Hausa, kuma a bainar jama'a, domin waɗanda maganar ta fi shafa, wato 'yan kasuwa da direbobi da masu dakon doya da matan da ke soya man kaɗe, da Hausa suke ciniki tun daga Salaga har Buipe da Bole. Ina so su karanta abin da aka faɗa maka da sunansu, in na yi ƙari su ƙaryata ni.

Bari in fara da abin da ba a jayayya a kansa. Yankin nan da hannunmu muka zaɓe shi. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin Gana na 1992 bai sauƙaƙa wa mai neman sabon yanki ba. Sai an kai wa shugaban ƙasa koke, ya nemi shawarar Majalisar Dattawan Ƙasa, a kafa hukumar bincike, sannan a je ƙuri'ar raba gardama, inda dole aƙalla rabin masu rajista su fito, kuma kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka fito su ce sun yarda. Hukumar Mai Shari'a Brobbey ta zagaya ta saurari jama'a, ta miƙa rahotonta a 2018. Ranar 27 ga Disamba 2018 muka fito, kuma sama da kashi 99 cikin ɗari suka ce a raba mu da Yankin Arewa. Salaga ba ta noƙe ba a ranar. Tsofaffin da ba sa iya tafiya a kan babur aka kai su rumfar zaɓe. Abin da aka faɗa mana a masallatai da majami'u da fadar sarakuna magana ɗaya ce: Tamale ta yi nisa, Yankin Arewa ya yi faɗi da yawa, a kawo gwamnati kusa da talaka.

A watan Fabrairun 2019 Shugaba Akufo-Addo ya sa hannu, yankunan Gana suka tashi daga 10 zuwa 16, aka ce Damongo ce hedikwatar Savannah. Kowa ya san abin da ya biyo baya a garinmu: samari suka fusata, suka cinna wa ofishin jam'iyyar NPP mai mulki a lokacin wuta. Ban goyi bayan wannan ba a lokacin, yanzu ma ban goya ba, kuma ban ɗauki alƙalami don in tayar da maganar hedikwata ba. Damongo tana da hujjarta. A can fadar Yagbonwura, babban sarkin Gonja, take, tana tsakiyar yammacin yankin, ga kwaltar Fufulso zuwa Sawla mai tsawon kilomita 147 ta ratsa ta. Mutumin Bole ko Tuna ko Kalba, wanda a da sai ya ɓata wuni guda kafin ya ga Tamale, yau tafiyarsa ta ragu sosai, kuma ina taya shi murna har zuciya. An kuma ɗauki ɗan majalisar Salaga ta Kudu, Salifu Adam Braimah, aka naɗa shi ministan yanki na farko, wanda kowa ya fahimci lallashi ne. Wutar ta mutu, an gyara ofis. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya tsamar da shi yana nan har gobe, domin ba a zuciyar samari yake ba, a taswira yake.

Ranka ya daɗe, ka buɗe taswirar da ke rataye a ofishinka. Savannah ce yanki mafi girma a Gana, sama da murabba'in kilomita dubu 35, kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙasar baki ɗaya, amma a ƙidayar 2021 mutanenta ba su wuce dubu 650 da ɗoriya ba. Ahafo kaɗai ta fi mu ƙarancin jama'a, kuma babu yankin da mutane suka warwatsu kamar namu. Baƙin kogin Volta ya biyo iyakarmu ta yamma da Kwaddibuwa, ya karkato ta Bui da Bamboi ya zo Buipe. Farin kogin Volta ya gangaro daga Burkina Faso, ya wuce Daboya da Yapei, su biyun suka zube cikin tafkin Volta. Gundumomi biyar, Bole, Sawla-Tuna-Kalba, Gonja ta Yamma, Gonja ta Arewa da mafi yawan Gonja ta Tsakiya, suna kallon Damongo. Biyu kuwa, Gonja ta Gabas mai hedikwata a Salaga da Gonja ta Arewa maso Gabas mai hedikwata a Kpalbe, suna can hayin ruwa, kuma hanyar motar haya da suka sani ba ta kai su Damongo sai ta bi da su ta Tamale.

Daga Salaga zuwa Tamale kusan kilomita 120 ne. Daga Tamale zuwa Damongo, ta gadar Yapei da mararrabar Fufulso, wani kusan 120 ɗin ne. Ke nan mutumin da a da yake tafiya guda don ya ga jami'in yanki, yanzu ninki biyu yake yi, kuma sai ya ratsa ta tsakiyar hedikwatar da aka ce ta yi masa nisa, ya wuce ta gaban tsofaffin ofisoshin da suka saba sauraronsa, sannan ya nemi wata motar. Mutumin Kpalbe ma ya fi ban tausayi, don shi Tamale a ƙofar gidansa take.

Na raka wata ƙanwata, malamar makaranta, wadda take bin takardar ƙarin girma. Da kiran assalatu muke tasha, mota ba ta tashi ba sai da ta cika, aka ɗaure buhunan garin rogo da akuya biyu a sama. Muka isa Tamale hantsi ya dubi ludayi, muka tsallaka zuwa tashar Damongo, nan ma aka jira cikowa. Ta rungume fayil ɗinta cikin leda saboda ƙura, duk inda mota ta yi tsalle sai ta ƙara ƙanƙame shi. Da muka isa, rana ta karkata, aka ce mai sa hannun ya tafi taro, a dawo jibi. Ba ta da kowa a garin. Kuɗin ɗakin kwana da na mota da na abinci ya cinye abin da ƙarin girman zai ƙara mata na watanni, ga ajinta babu malami har ta dawo. Ba na zargin mai sa hannun, shi ma ɗan aike ne, kuma ƙila taron nasa na da muhimmanci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ta yi muna dawowa, da muka zo wucewa ta Tamale da dare: “Yaya, da nan ne da tuni ina gida.”

Don ka san me ya sa abin yake mana ciwo fiye da kima, sai ka yi haƙuri in koma baya kaɗan. Salaga hanya ce ta haife ta. A ƙarni na 19 babu kasuwar goro kamarta a wannan sashe na Afirka. Goro yana fitowa daga kurmin Asante a kan ’yan dako, fatake kuma suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ayari guda da jakuna ɗaruruwa a bayan madugu, su ratso Borgu da Jugu da Sansanin Mango da Yendi, tafiyar watanni. Suna kawo kanwa da rinannun tufafi da jima da dabbobi, su koma da goro. Abin da ya sa har yau a ƙasar Hausa in an ambaci Gwanja, wato ƙasar Gonja da Salaga take ciki, sai goro ya faɗo wa mutum a rai ke nan. Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba: an sayar da bayin Allah a kasuwar nan, rijiyoyin da ake musu wanka kafin a kai su gaban mai saye suna nan, baƙi daga Amurka suna zuwa suna kuka a bakinsu, kuma kakannin wasunmu suna cikin masu cinikin. Sarautar ƙasa kuwa tana Kpembe, ɗan taƙi kaɗan daga gari, a hannun Kpembewura, mu kuma muna zaune a ƙarƙashin inuwarsa.

Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, igiyar da ta ɗaure Salaga da Asante ta tsinke, goro ya fara neman wasu hanyoyi. Yaƙin basasar 1892 kan sarautar Kpembe ya watsa garin, ’yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Zangunan da ke kudancin Gana da yawa daga wannan watsewa suka samu mutane. Garin ya sake farfaɗowa a zamanin mota, saboda babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga take bi. Sai aka datse kogi a Akosombo, aka gama a 1965, tafki ya cika ya haɗiye mashigin Yeji, manyan motoci suka koma bin Kintampo da Buipe da Yapei. Tun daga nan mai son zuwa kudu daga wajenmu sai ya je Makango ya jira jirgin fito. Dattawanmu sun ga yadda gari yake mutuwa a tsaye idan hanya ta kauce masa, ba labari aka ba su ba. Da aka zana taswirar 2019, abin da suka gani ke nan yana sake dawowa, shi ya sa lallashi da muƙami bai kwantar musu da hankali ba.

Na san iyakar ikonka, kuma ba zan ɗora maka kayan da ba naka ba. Ministan yanki a Gana ba gwamna ba ne irin na jihohin Najeriya. Ba mu muka zaɓe ka ba, shugaban ƙasa ne ya naɗa ka da amincewar majalisar dokoki. Majalisar da kake shugabanta ba ta yin doka, ba ta da harajin kanta. Aikinta sa ido da daidaitawa, kuɗin raya ƙasa kuma ta asusun bai-ɗaya na gundumomi yake gangarowa daga Akra, wanda tsarin mulki ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, kuma kowa ya san yadda yake makara. Shugabannin gundumomi ma naɗa su ake yi, ƙuri'ar da aka shirya a Disambar 2019 kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi an soke ta kafin ranar. Sidi miliyan 20 da aka ware wa kowane sabon yanki a matsayin jarin farawa, gini da motoci da kujeru kaɗai sun isa su lashe shi. Duk na yarda. Amma akwai abubuwa uku da ke hannunka ba sai ka roƙi kowa ba: jerin ayyukan da yanki yake turawa Akra da wanda aka sa a sama, wurin da majalisarka take zama, da kujerar shugabancin kwamitin tsaron yanki. A kan waɗannan nake magana.

Na farko hanya. Hanyar Bunjai zuwa Fufulso, wadda za ta haɗa gabas da yamma ba tare da an leƙa Tamale ba, ita ce ƙashin bayan wannan yanki, kuma in da ni ake tambaya da ita za a fara kafin a ɗora bulo ɗaya na ofis. Ba hanyar Salaga ba ce, kada a rubuta ta a matsayin alfarmar da aka yi wa gunduma ɗaya. Hanya ce da za ta sa manomin doya na gabas ya kai kayansa kasuwar Buipe, ta sa simintin Buipe ya zo mana ba tare da zagaye ba, ta sa motar asibiti da ta ’yan sanda su iya ratsa yankin da suke wa aiki. Abin da muke nema kwalta ce mai ɗaukar babbar mota da damina, da kwalbatoci da gadoji a kan rafukan da ke cika a watan Agusta, ba jar ƙasa da za a baje gab da zaɓe ruwan farko ya kwashe ba. Ina roƙon ka sa ta a lamba ta ɗaya a duk takardar da za ta fita daga ofishinka, kuma duk wata uku ka fito a rediyo ka faɗa wa jama'a kilomita nawa aka shimfiɗa, nawa aka biya ɗan kwangila, nawa ya rage. In an daina biya ka faɗa. Jama'a sun fi jure wa gaskiya mai ɗaci a kan shiru.

Na biyu bai buƙatar ko sisin Akra. Masarautar Gonja da Ndewura Jakpa ya kafa a ƙarni na 17 ta fuskanci wannan faɗin ƙasa da waɗannan koguna tun babu mota, kuma ta samo dabararta. Sarautar Yagbon, wato kujerar Yagbonwura, ba ta zama a gida ɗaya, zagayawa take yi tsakanin Wasipe da Kpembe da Bole da Tuluwe da Kusawgu. Marigayi Yagbonwura Tuntumba Boresa daga Kusawgu ya hau, mai martaba na yanzu, Bii-Kunuto Jewu Soale, daga Tuluwe ya zo a 2023. Kowane sashe ya san wata rana layi zai zo kansa, shi ya sa nisa bai raba su ba. Me zai hana majalisarka ta ari wannan hikima? A riƙa zaman majalisar yanki bi da bi, wannan karo a Salaga, na gaba a Bole, na gaba a Daboya, kuma a sa zaman Daboya da na Salaga a tsakiyar damina da gangan. Daraktan da ya kwana a hanya sau ɗaya, ya ga yadda ake sauke fasinja a tura mota, ba sai an rubuta masa rahoto ba. Gani ya kori ji. Haka kuma a ware mako guda a kowane wata da manyan jami'an ilimi da lafiya da filaye za su tare a gabas, su sa hannu a kan abin da ke jiran sa hannu, maimakon mutum ɗari su bi mutum ɗaya.

A nan akwai wani abu da nake so a yi hattara da shi. Lokacin da aka ƙirƙiri yankunan, gwamnati ta yi alkawarin ba za a tara komai a hedikwata ba, za a rarraba ofisoshi da ayyuka a garuruwa. Niyyar mai kyau ce, kuma kowane gari yana murna da ginin da ya samu. Amma rarraba ofisoshi a yankin da hanyoyinsa ba su haɗu ba yana iya zama azaba ga mai bin takarda, domin wanda a da zai shiga ƙofa uku a titi ɗaya, yanzu gari uku zai je, kowanne da kuɗin motarsa. Maganin ba a kwashe ofisoshin a mayar Damongo ba ne. A buɗe teburi ɗaya a kowace hedikwatar gunduma inda mutum zai ajiye takardarsa a ba shi rasit, takardar ta yi tafiyar ta intanet ko a motar gwamnati, amsa ta dawo ta same shi a inda yake. Yarinyar da ke sayar da kati a bakin kasuwa tana tura kuɗi Kumasi ta waya cikin minti ɗaya, ban ga dalilin da fayil zai buƙaci mai shi ya ɗauke shi a ka ba.

Kada a ce Salaga kaɗai na sani. Daboya ta fi mu shan wuya ta wani fannin. Garin gishiri ne tun zamanin fatake, garin marina da masaƙa, fugu, wato rigar saƙi, da ake yi a can babu kamarsa a Gana. Amma mai zuwa daga ɓangaren Tamale sai ya tsaya a bakin Farin Volta ya shiga kwalekwale. Na ga yadda ake ɗora babura a ciki, mutum yana zaune a gefe yana riƙe da kan babur ɗinsa, mata da ƙullin zare a cinya, matuƙin yana ta faɗa a zauna daidai kada a jirkice. In aka buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso wajen Agusta ko Satumba, kogin ya kan cika ya shanye gonaki, ƙauyukan da ke bayan Daboya su yanke daga duniya. An daɗe ana alkawarin gada a wurin, har yaran da aka haifa lokacin alkawarin farko sun yi aure. Buipe ma ta sha ambaliya a 2023. Yankin da koguna biyu suka yanka gida uku ya kamata a ce yana da tsayayyen shirin damina: jiragen ceto a ajiye, rigunan ruwa a kowane mashigi, sanarwa da Gonja da Hausa da Fulatanci da sauran harsuna kafin ruwan Bagre ya iso. Wannan aikin daidaitawa ne tsantsa, irin wanda aka kafa majalisarka dominsa.

Ita kanta Damongo ban ga abin hassada a wajenta ba. Hedikwatar yanki ce da matanta suke bin tankar ruwa da jarka. An aza harsashin aikin jawo ruwa daga Yapei a 2020, an sa asibitin yanki cikin shirin gina asibitoci na Agenda 111, jama'a suna ta zuba ido. Duk ranar da ciwo ya fi ƙarfin asibitin gunduma, Tamale ake nufa, daga gabas ko daga yamma. Saboda haka in na ce a yi hanya, ban ce a hana Damongo ruwa ba.

Sai maganar daji da ƙasa, wadda nake ganin ita ce za ta fi ba ka wahala. Muna da gandun dajin Mole, mafi girma a Gana, inda baƙo yake ganin giwa da ƙafarsa, ga tsohon masallacin Larabanga a bakin hanya. Amma duk wanda ya bi titin Fufulso ya ga buhunan gawayi jere kamar ganuwa suna jiran motocin kudu, kuma an yi shekaru ana sare madobiya ana fita da ita waje. Har kaɗanya, wadda ita ce bankin matan karkara, ba ta tsira daga gatari ba. Majalisar sarakunan Gonja ta haramta sare itace da ƙona gawayi na kasuwanci, amma doka ba ta tsare hanya da kanta, kuma motar gawayi ba ta tashi sama, ta gaban shingaye take wucewa. A ɓangaren Bole ga masu haƙar zinariya ta bayan fage suna ɓata ruwa. Rikicin fili da ya ɓarke a Gbiniyiri, a gundumar Sawla-Tuna-Kalba, a watan Agustan 2025, ya ci rayuka da dama, ya kori dubban mutane, wasu har suka tsallaka Kwaddibuwa. Yankin nan ba na ƙabila ɗaya ba ne. Akwai Gonja da Vagla da Safalba da Birifor da Lobi da Dagaaba da Tampulma da Hanga da Konkomba da Nchumuru, ga Fulani makiyaya, ga masunta ’yan kudu a bakin tafki, ga mu. Mu na gabas mun ga rikicin ƙabilanci na 1991 da na 1994 da idonmu, mun san yadda gardamar gona take zama gawa. Ƙasa ta sarakuna ce, babu mai musun wannan, amma sayar da fili ko ba da shi haya ba tare da rubutu da shaidu da sanin masu noma shi ba, shi ne ashanar da ake ajiyewa kusa da fetur. Kwamitin tsaron da kake shugabanta ya zauna da majalisar sarakunan yanki a fitar da ƙa'ida ɗaya ta rubuta cinikin fili da ta mashigin shanu, tun kafin a sake kiran soja.

Game da mu mutanen zango, buƙatarmu ba ta da yawa. Kakanninmu sun riga Turawa zuwa nan, amma har yau akan samu yaron da ya je neman katin ɗan ƙasa a tsare shi da tambayoyi saboda sunansa Garba ko Ɗanjuma, a ce ya kawo shaidar kakansa. Tsofaffinmu ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba, shi ya sa irin wannan tambaya take tayar musu da tsohon miki. An kafa asusun raya zanguna a 2017, kuma zangon Salaga, wanda ya girmi yawancin zangunan ƙasar nan, ya cancanci a san da shi idan ana rabo. Ba kujera muke nema a fada ba, mun san matsayinmu a gaban Kpembewura kuma muna girmama shi. A dai riƙa kiran sarkin zango da limamai idan za a yanke shawarar da ta shafi kasuwa da tasha da makarantun allo.

Ranka ya daɗe, akwai damar da ba kullum ake samunta ba. Shugaba John Dramani Mahama a Damongo aka haife shi, ɗan Bole ne, ya wakilci Bole-Bamboi a majalisa shekara 12, ya kuma dawo mulki a Janairun 2025. Ba sai an yi masa bayanin inda Bunjai take ba. Amma wannan damar tana da haɗarinta: in ayyuka suka taru a yamma, ko da bisa haɗuwar sa'a ne, mutanen gabas za su ce ɗan gida ya yi wa gida, kuma ba za ka iya cire musu wannan daga rai ba. Wa'adinsa zai ƙare a Janairun 2029, tsarin mulki kuma bai ba shi wani ba. Kasafin kuɗin da suka rage masa ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Abin da nake roƙo a taƙaice shi ne ka kira zaman majalisar yanki na gaba a Salaga, ka zo ta mota ba tare da jiniya ba, ka sa hanyar Bunjai zuwa Fufulso ta zama batu na farko a ajanda, a bar ƙofa a buɗe direbobi da ’yan kasuwa su shigo su saurara. Masauki da tuwo suna wuyanmu.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka.

Naka,
Wani ɗan zangon Salaga,
Gundumar Gonja ta Gabas, Yankin Savannah.